Sikelin da Ke Auna Riga Ya Bar Amana

Akwai zargi iri biyu da ake iya jifan ɗan siyasa da su a ƙasar da ta miƙe daga Anka, ta ratsa Bukkuyum, ta dangana da Gummi. Na farko a ce ya haɗiye kuɗin asibiti. Na biyu a ce ɗan daudu ne, ko kuwa yana ɗaure wa masu sauya jinsi gindi. Wanda ya zo da na farkon, ko da takardun banki ya riƙo a hannunsa, amsar da zai samu a majalisar bakin titi ba ta wuce, "To, wane ne bai ci ba?" Na biyun kuwa ba ya bukatar takarda, balle shaida. Hoto ɗaya da aka yi wa haɗe-haɗe, ko muryar wani da ba a san ko wane ne ba a WhatsApp, ya wadatar. Kafin la'asar an zauna shari'a, an yanke hukunci, an tsine.

Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, sikelin da muke auna nagartar shugabanni da shi ya karkace. Yana rinjaya da sauri idan an ɗora masa maganar riga da murya da tafiya, amma ko gezau ba ya yi idan an ɗora masa dukiyar jama'a da rayukansu. Wannan karkata kuma tana da masu cin moriyarta, kuma ba talakan Bagega ba ne.

Mako guda a watan Yuli

A ranar 28 ga Yuni, 2024, Najeriya ta sa hannu a kan Yarjejeniyar Samoa, wadda ke tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashe 79 na Afirka da Karebiyan da Fasifik, wadda kuma ta maye gurbin ta Kwatano ta shekarar 2000. A ranar 4 ga Yuli jaridar Daily Trust ta buga labarin cewa yarjejeniyar ta ƙunshi sharaɗin amincewa da 'yan luwaɗi da masu sauya jinsi, har da batun dala biliyan 150. Washegari Juma'a ce. Mumbarori suka ɗauka, Facebook ta kama da wuta, sunan Ministan Kasafi Abubakar Atiku Bagudu ya shiga bakin duniya. Gwamnati ta musanta. Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa ta ce ta duba takardar ba ta ga wannan sharaɗi ba. Daga baya hukumar sauraren ƙorafi a kan kafafen yaɗa labarai ta yanke cewa labarin ba daidai ba ne, jaridar kuma ta fito ta ba da haƙuri, abin da ya kamata a yaba mata a kai. Sai dai tsinuwar ta riga ta zaga gari, ban-haƙurin kuwa bai sami mumbari ko ɗaya ba.

Bagudu ba baƙo ba ne ga mutanen Gummi. Maƙwabcinsu ne na Kebbi, inda ya yi sanata sannan ya yi gwamna daga 2015 zuwa 2023. Akwai wani babi a tarihinsa da yake rubuce a takardun kotu. A 2003 an tsare shi a jihar Texas ta Amurka bisa bukatar hukumomin tsibirin Jersey, dangane da kuɗaɗen zamanin Abacha, aka kuma ƙare da sulhun da ya mayar wa Najeriya kimanin dala miliyan 163, ba tare da ya amsa laifi ba, kuma babu kotun da ta same shi da laifi. Ko mutum ya ɗauke shi mai gaskiya ko akasin haka, wannan batu ne da ya cancanci a yi masa tambaya a kai a kowane zaɓe. Bai hana shi ƙuri'a ba, bai kuma jawo masa ko kashi ɗaya cikin goma na fushin da ya sha a kan sharaɗin da ba ya cikin takarda ba.

A cikin makon nan dai, ranar 11 ga Yuli, Kotun Ƙoli ta yanke cewa kuɗin ƙananan hukumomi 774 a riƙa tura musu kai tsaye, gwamnoni su cire hannu. Wannan shi ne hukuncin da ya shafi rijiyar burtsatse a Nasarawar Burkullu, da albashin malamin firamare a Anka, da magudanar ruwa a Gummi, garin da ambaliya ta yi wa ɓarna a watan Agustan shekarar. Huɗubobi nawa aka yi a kansa? Mutum nawa cikinmu suka bi sawu su ga ko an aiwatar? An bar jaki ana dukan taiki.

Sunaye uku da muke cuɗawa

Kafin a yi fushi, ya kamata a san abin da ake fushi da shi, domin abubuwa uku mabambanta muke zubawa a ƙwarya ɗaya. Akwai mata-maza, wanda aka haifa da halittar da ba ta fito sarari ba. Wannan lamari ne na likita da na fiƙihu, kuma malamanmu ba su taɓa ɗaukarsa abin dariya ba: sun tsara masa hukuncin gado da na sahun salla, har ma Mukhtasar na Shehu Halilu, da ake karantawa a zaurukan Sakkwato da Gusau, da mas'alarsa ya rufe. Akwai ɗan daudu, namijin da ke kwaikwayon mata a magana da ɗabi'a, wanda ya daɗe a birane da tashoshin ƙasar Hausa yana sayar da abinci da soyayyen nama, wanda kuma masanin nan Rudolf Gaudio ya yi bincike a kansa a Kano ya fitar da littafi a 2009. Akwai kuma mai sauya jinsi a ma'anar da duniyar yau ta sani, wanda ke cewa jinsin da yake ji a ransa ya saɓa da wanda aka haife shi da shi, har ya canza suna da takardu, wani lokaci da magani ko tiyata. A bakin ɗan jagaliya dukansu kalma ɗaya ce, kuma ma'anarta ɗaya: wannan ba namiji ba ne, kada a ba shi mulki.

Dokar ƙasa dai ta riga ta yi magana. Tun Janairun 2014 Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, Zamfara kuma tana da kundin hukunce-hukuncen Shari'a tun 2000. Babu wani mai sauya jinsi da ya fito fili yana neman kujerar Gummi da Bukkuyum a Majalisar Wakilai. Ƙofar da muke kwana muna gadi a kulle take da kwaɗo biyu, rumbun hatsin kuwa ko asabari ba shi da shi.

Wanda ya ce kishin addini ne ke motsa shi, sai ya dubi abin da addinin ya ce a kan bakinsa. Suratun Nur ta ɗora bulala tamanin a kan mai ƙazafin da bai kawo shaidu huɗu ba, ta kuma zubar da shaidarsa. Suratul Hujurati ta yi umarni da a binciki labari kafin a yi aiki da shi, ta hana mugun zato da bin diddigin asirin mutane da jifan juna da munanan laƙabi. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta fi sauran tsanani a nan, domin a cikin Risala, wadda kowane almajirin zaure ya sani, wanda ya kira wani da sunan mai luwaɗi haddi ya hau kansa, kuma habaici ma yana jawo haddin. Ke nan malamin makaranta ko ma'aikacin banki da ya danna ya tura wancan hoto zuwa zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, da ɗan rubutun "Allah ya kyauta" a ƙasa, shi ne ya fi kusa da bulala a wannan ciniki.

Mutum biyu a majalisa ɗaya

A Amurka ne ake samun 'yan siyasar da maganar jinsinsu ta zama rigimar ƙasa a zahiri, kuma akwai biyu da kwatanta su zai amfane mu. A Nuwamban 2024 jihar Delaware ta zaɓi Sarah McBride zuwa Majalisar Wakilai, ta zama ta farko da ta shiga wannan majalisa tana mai bayyana cewa ta sauya jinsi. Ba ta ɓoye wa kowa ba. Tun 2012, tana ɗaliba, ta sanar da duniya. Kafin nan ta yi sanata a majalisar jiharta, inda ta jagoranci dokar hutun haihuwa da jinya mai albashi da aka sa wa hannu a 2022. Tun ba a rantsar da ita ba, 'yar majalisa Nancy Mace ta gabatar da ƙudurin hana ta shiga banɗakin mata, Kakaki Mike Johnson kuma ya kafa ƙa'idar da ta yi daidai da haka. Makonni aka kwashe ana cacar baki a kan banɗaki.

Na biyun George Santos ne, da aka zaɓa daga New York a 2022. A Janairun 2023 hotunansa sanye da kayan mata a Brazil suka fito, aka yi ta shewa. Amma abin da ya kayar da shi daban ne. Ya yi ƙaryar jami'ar da bai yi ba, da aiki a bankunan da ba su taɓa ɗaukarsa ba, kwamitin ɗa'a kuma ya gano ya karkatar da kuɗin yaƙin neman zaɓe zuwa bukatun kansa. A ranar 1 ga Disamba, 2023, majalisa ta kore shi da ƙuri'a 311 a kan 114, a 2024 ya amsa laifin zamba, aka yanke masa ɗaurin fiye da shekara bakwai. Kada a ɗauka ina cewa Amurka abar koyi ce, domin a Oktoban 2025 Donald Trump ya sassauta masa ya fito. Darasin kawai shi ne bambancin tambayoyin biyu. Ɗaya ta faɗi abin da take, masu zaɓe suka gani suka zaɓa. Ɗayan ya ƙaga rayuwa sukutum ya sayar, ya kuma sa hannu a aljihun waɗanda suka yarda da shi. Mai adalci, ko da bai yarda da rayuwar McBride ba ko kaɗan, ya san a wane ɓangare ha'inci yake.

Za a ce, ai wanda ya saɓa wa Mahaliccinsa a ɓoye ba zai riƙe amanar mutane ba. Musulmi yana da cikakken haƙƙin ya hana ƙuri'arsa ga wanda ya tabbatar yana aikata abin da addininsa ya haramta, babu mai ƙwace masa wannan. Amma a lura da kalmar tabbatarwa, sannan a juya maganar a ga ko za ta tsaya: shin duk wanda ya cika siffar namiji, ya tara mata huɗu, ya yi Umara kowane Ramadan, ya riƙe amana? Alamomin munafuki da hadisi ya lissafa uku ne, ƙarya a zance da saɓa alkawari da cin amana. Ukun nan duka ana iya auna su da kasafin kuɗi da takardar kwangila, ba sai an leƙa ɗakin kwanan kowa ba.

Lissafin yammacin Zamfara

A ranar 27 ga Oktoba, 1999, Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, dubban mutane suka yi tururuwa da fatan adalci ya sauka. A watan Maris na 2000 aka yanke hannun wani mutumin Jangebe saboda satar saniya. Saƙon da talaka ya ji shi ne daga yau dukiyar wani ta zama wuta. Mu bi shekarun da suka biyo mu ga wutar wa ta ƙona.

A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Farashin zinari ya tashi, magidanta suna kawo duwatsun ma'adini cikin gida, ana daka su ana niƙa su a inda ake girki da rarrafe. Duwatsun cike suke da dalma, ƙurarsu ta shiga ƙasa da ruwa da bakin jarirai. Yara aƙalla 400 suka rasu, wasu dubbai suka rayu da gubar a jininsu, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwa har abada. Magani ba ya amfani sai an fara kwashe gurɓatacciyar ƙasa, domin yaron da aka wanke wa jini gidan nan zai koma. A Bagega, ƙauye mafi girma da abin ya shafa, aikin ya tsaya jiran kuɗi. A Mayun 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, amma ba a saki kuɗin aikin ba sai ƙarshen Janairun 2013, bayan matasan Follow the Money irin su Hamzat Lawal da ƙungiyoyin ƙetare sun cika intanet da kururuwa. Wata takwas yara suna wasa a kan guba, takarda na kwance a tebur. Wa aka tsine wa a mumbari?

A 2017 sanƙarau ya ɓarke, Zamfara ce ta fi kowace jiha asarar rayuka. Gwamna Abdul'aziz Yari, wanda ya taɓa wakiltar Anka da Talatar Mafara a Majalisar Wakilai, ya shaida wa manema labarai cewa annobar horo ce daga Allah saboda zunuban mutane, irin su zina. Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya mayar masa da martani a Kaduna cewa abin da ake bukata allurar rigakafi ce. A nan ne dabarar ta fito tsirara. Da zarar an mayar da gazawar hukuma zunubin talaka, tambayar rigakafi da asibiti ta mutu, mai mulki ya koma mai wa'azi, wanda aka zalunta ya koma mai neman gafara. A 2023 mazaɓar Zamfara ta Yamma, wadda ta haɗa da Anka da Gummi da Bukkuyum, ta tura shi Majalisar Dattawa.

A ranar 24 ga Mayu, 2019, Kotun Ƙoli ta zubar da dukan ƙuri'un APC a jihar saboda jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba. Rigimar manya ta mayar da wahalar layin talaka aikin banza. Bello Matawalle na PDP ya gaji kujerar, a Yunin 2021 kuma ya ɗauke ta ya koma jam'iyyar da kotu ta karɓe ta daga hannunta. Kwamitin da shi da kansa ya kafa ƙarƙashin tsohon Sufeton 'Yan Sanda Muhammad Abubakar ya ƙirga fiye da mutum 6,000 da aka kashe daga 2011 zuwa 2019, ya kuma nuna yatsa ga wasu masu sarauta. A farkon Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum kwanaki a jere. Mazauna suka ce an kashe kimanin 200, gwamnatin jiha ta ce 58. Ko gawa ba mu iya ƙirgawa da baki ɗaya. A cikin wannan jerin duka babu ɗan daudu ko ɗaya. Maza ne cikakku, masu manyan riguna.

Wa ke biyan kuɗin wannan fushi

Zargin daudu makami ne mai arha, shi ya sa sojojin baka ke son sa. Ba a iya wanke shi, domin duk wanda ya tsaya yana rantsuwa cewa shi namiji ne ya riga ya faɗi. Yana kuma toshe bakin masu ilimi, don kowa na tsoron a ce yana kare su. Wanda ake nufi da jifan, idan babba ne, yakan tsira da kuɗinsa da 'yan sandansa. Wanda dutsen ke sauka a kansa shi ne mai soya kaji a tasha, da yaron sakandare mai siririyar murya, da wanda aka haifa mata-maza iyayensa suna ɓoyonsa saboda tsoron bakin mutane. Makamin nan ne dai ake juyawa a kan mata. An jefi Hajiya Gambo Sawaba da kowace irin kalma, aka ɗaure ta sau da dama, a zamanin da matan Arewa ba su da ƙuri'a, haƙƙin da bai zo hannunsu ba sai 1976. Har yau macen da ta fito takara a yankinmu, kafin a tambayi manufarta an tambayi aurenta.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma a Kitabul Farƙi, inda ya zayyana halayen mulkin zalunci, ya ambaci gaisuwar da ake kai wa masu iko, da harajin da bai da tushe, da cin hancin alƙalai, da ƙwace dukiyar talakawa. Wanda ke ikirarin gadon wannan tafarki ba shi da uzurin kau da kai daga baitulmali.

Nauyin yana kanmu, mu da muka iya karanta kasafi da rahoton mai binciken kuɗi: likitoci da lauyoyi da malaman jami'a da ma'aikatan gwamnati. Idan irin wancan hoto ya faɗo zaurenka, ka tambayi wanda ya turo ina shaidunsa huɗu, ka tambaye shi a gaban kowa. Idan ɗan takara ya zo neman goyon baya, ka ajiye masa tambayoyin da suke da amsa a rubuce. Nawa ƙaramar hukumar Bukkuyum ta karɓa bara, kuma a asusun wa ya sauka? Wa ke riƙe da lasisin haƙar zinari a ƙasar Anka, wa kuma ke gwada jinin yaran da ke kusa da ramukan? Manoma nawa ne suka biya 'yan bindiga haraji kafin su girbe gonarsu, me ya yi a kai lokacin da yake kan kujera? Malamanmu kuma, da muke girmamawa, muna roƙon su ba hukuncin 11 ga Yuli ko da rabin huɗubar da suka ba Samoa.

Ɗan siyasar da ya san da waɗannan tambayoyi za a tare shi a Gummi zai rage kuɗin da yake ba masu haɗa hotuna, ya fara neman rasit.